Yadda Ake Zaɓen Jakar Rataye Mai Ƙwari Don Fita Daji

Da farko, idan ka shiga Babbar Kasuwar Yamai, kada kyan launi ya ruɗe ka. Ka taɓa yadin jakar, domin mai kauri ne yake jure ƙura da ƙayar daji. Sannan ka juya cikinta ka duba ɗinkin da ya haɗa maɗauri da jikin jaka, saboda a nan ne yawanci take fara yagewa, musamman idan an ɗora mata gorar ruwa ta lita 1 da rabi. Ka ja zif sau da yawa. Daga nan ka rataya ta, ka zagayo da ita gaban ƙirji, ka tabbata maɗaurin yana da faɗi da laushi, domin kafaɗa ɗaya ce za ta ɗauki nauyin tun safe har la'asar.