Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Jami'a a Ƙasar Danmak

Ɗalibin da ke son fara karatu a Danmak a watan Satumba, ya kamata ya soma shiri shekara guda cif kafin lokacin, domin manyan jami'o'in ƙasar irin su Kwapanhagan da Aarhus da jami'ar fasaha ta DTU kan rufe karɓar takardun neman digiri na biyu tun ranar 15 ga Janairu ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Mutanen ƙasar ba sa ɗaga ƙafa a kan ranar da suka tsayar, kuma babu wani babba da za a je a kama ƙafa da shi. Sau da yawa mai sakamako mai kyau yakan rasa gurbi saboda makara, ko saboda ya nemi fannin da bai yi daidai da abin da ya karanta a baya ba, alhali duka biyun abubuwa ne da ake iya kauce musu tun daga gida.

Matakin farko shi ne sanin makarantun da irin karatun da kowace take bayarwa. Danmak ƙaramar ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 6, kuma jami'o'inta takwas ne kacal, dukkansu ƙarƙashin kulawar gwamnati. Mafi daɗewa ita ce Jami'ar Kwapanhagan da aka kafa a 1479. Sai DTU, jami'ar fasaha da ke Lyngby wadda ta samo asali a 1829, ta kuma yi suna a binciken samar da lantarki daga iska. Jami'ar Aarhus an buɗe ta a 1928, tana da ƙarfi a fannin noma da kimiyyar abinci, yayin da Jami'ar Kudancin Danmak mai babban mazauni a Odense ta shahara a fasahar mutum-mutumi. Akwai Jami'ar Aalborg ta 1974, da ta Roskilde ta 1972, da makarantar kasuwanci ta CBS, da kuma jami'ar ilimin kwamfuta ta ITU. Baya ga waɗannan akwai kwalejojin horar da malamai da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, da makarantun sana'a masu karatun shekara biyu ko biyu da rabi, sai dai yarjejeniyar siyasa ta 2021 ta sa an rufe da yawa daga cikin darussan da suke koyarwa da Turanci. Saboda haka ƙofar da ta fi faɗi ga baƙo a yau ita ce ta digiri na biyu da ta digirin digirgir a jami'a. Digirin farko da Turanci yana nan, amma fannoninsa kaɗan ne, sauran duk da harshen Danish ake yin su, kuma sai mutum ya ci jarrabawar harshen da ake kira Studieprøven.

Tun a wannan mataki ya wajaba a tabbatar cewa karatun da za a nema yana cikin waɗanda gwamnati ta amince da su. Daga watan Mayun 2025, ɗalibin da ya shiga karatun da ba ya cikin wannan rukuni ba shi da izinin yin aiki, ba zai zo da iyalinsa ba, kuma ba za a ba shi lokacin neman aiki bayan ya kammala ba. Dillalan biza da ke tallata wasu makarantu masu zaman kansu ba kasafai suke faɗin wannan ba. A ganina ɗalibin da ya iya karanta Turanci ba ya bukatar dillali ko kaɗan, tunda duk fom ɗin a intanet yake, kuma jami'a ta fi son ta yi magana da mai nema kai tsaye.

Mataki na biyu shi ne ya fi bukatar natsuwa, wato auna digirin da ke hannu da sharuɗɗan fannin da ake so. Jami'o'in Danmak suna lissafin karatu da ma'aunin ECTS, inda shekara ɗaya take daidai da maki 60, digirin farko na shekara uku maki 180, digiri na biyu na shekara biyu kuma maki 120. Ba sunan digiri suke dubawa su tsaya nan ba. Kowane fanni yana da jerin abin da yake bukata, misali a ce sai mai nema ya yi adadi kaza na maki a lissafi, kaza a ƙididdiga, kaza a rubuta manhajar kwamfuta. Malamin da ke tantancewa zai ɗauki tiranskirif ya bi darussa ɗaya bayan ɗaya yana haɗa lissafi, idan maki biyar suka gaza a wani ɓangare, to takardar ta faɗi ko da mai ita ya fita da daraja ta ɗaya. Abin yi a nan shi ne ɗalibi ya zauna da tiranskirif ɗinsa a hannun dama, sharuɗɗan fannin a hannun hagu, ya rubuta kowane darasi a ƙarƙashin ɓangaren da ya dace da shi, sannan ya nemo bayanin abin da aka koyar a cikin kowane darasi daga littafin sashensa, domin jami'o'i da yawa suna neman wannan bayani a haɗe da takardu. Wanda ya karanta kimiyyar siyasa ya ce zai tsallaka zuwa kimiyyar bayanai ba tare da darussan lissafi ba, ɓata kuɗin fom kawai zai yi.

Duk wanda ya taɓa bin sawun tiranskirif a jami'o'inmu ya san yadda fayil kan kwana makonni a kan tebur guda, don haka wannan ita ce takardar da za a fara nema kafin kowace. Mai HND kuwa ya aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai tambaya a rubuce kafin ya biya ko sisi, saboda digiri na biyu a can an gina shi ne a kan digirin farko na jami'a mai tushen bincike. Haka ma mai neman digirin farko ya sani cewa takardar WAEC ko NECO ita kaɗai ba ta cika isa ba, akan nemi ƙarin karatun gaba da sakandare a kanta. Hukumar ilimi mai zurfi da kimiyya ta ƙasar tana da shafin da ya jera abin da ake bukata daga kowace ƙasa, tana kuma auna darajar takardun waje kyauta.

Mataki na uku shi ne batun Turanci, wanda ba ya bukatar dogon bayani. Yawancin fannoni suna neman IELTS mai sakamako 6.5, wasu kuma 7.0, ko makamancinsa a TOEFL. Kada a ɗauka cewa yin karatu da Turanci a Najeriya ko Gana ya wadatar, domin kowace jami'a tana da jerin ƙasashen da ta yafe wa jarrabawar, kuma jerin ya bambanta daga wannan zuwa waccan. A rubuta jarrabawar a watan Oktoba ko Nuwamba, yadda idan sakamakon bai kai ba za a sami damar sakewa.

Mataki na huɗu shi ne miƙa takardu, kuma hanya biyu ce. Mai neman digirin farko yana bi ta shafi guda na ƙasa baki ɗaya, optagelse.dk, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Fabrairu a rufe ranar 15 ga Maris da ƙarfe 12 na rana agogon Danmak ga masu takardun ƙasashen waje. Ana iya zaɓar fannoni har takwas a jere bisa fifiko, amma gurbi ɗaya tak ake bayarwa, a mafi girman zaɓin da mutum ya cancanta, kuma amsa kan fito a ƙarshen Yuli. Wanda ba shi da shaidar intanet ta ƙasar sai ya buga shafin sa hannu, ya rattaba, ya aika wa kowace makarantar da ya zaɓa kafin wa'adin ya cika, idan bai yi haka ba tamkar bai nema ba ne. Mai neman digiri na biyu kuwa kai tsaye yake nema a shafin jami'ar, ya biya kuɗin fom, ya ɗora takardar digiri da tiranskirif da sakamakon Turanci da fasfo, wani lokaci har da wasiƙar bayyana dalilin zaɓar fannin. Digirin digirgir tsarinsa daban ne, domin aiki ne na shekara uku mai albashi, ana tallata shi a shafin guraben aiki na jami'a kamar kowane aiki, kuma galibi ana son digiri na biyu da ya kai nauyin nasu na shekara biyu tare da kundin bincike. Malaman jami'o'inmu matasa ya kamata su riƙa leƙa waɗannan shafuka a kai a kai.

Mataki na biyar shi ne lissafin kuɗi, kuma a nan ne ya kamata iyali su zauna su faɗa wa juna gaskiya. 'Yan Tarayyar Turai da 'yan ƙasashe irin su Norway da Switzerland suna karatu kyauta, sauran kuwa tun 2006 suke biya, galibi tsakanin Yuro 6,000 zuwa 16,000 a shekara, fannonin kimiyya da injiniya su ne a sama. Akan bukaci a biya kuɗin zangon farko ko fiye kafin jami'a ta sa hannu a takardar izinin zama. Tallafin wata-wata na SU da ɗaliban ƙasar ke samu, baƙon da ya zo da izinin karatu ba ya cikinsa. Abin da yake akwai shi ne tallafin gwamnatin Danmak da ake raba wa jami'o'i don haziƙan ɗalibai daga wajen Turai, wanda kan ɗauke kuɗin makaranta duka ko wani ɓangare, wani lokaci da ƙarin kuɗin abinci da haya. Gurabensa kaɗan ne ƙwarai, kuma a wasu jami'o'in ba a cika masa fom na daban, takardar neman gurbin ita ake dubawa. Akwai kuma shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ɗalibi ke yin digiri na biyu a ƙasashe biyu ko fiye, wasu daga cikinsu har da Danmak. An yarda ɗalibi ya yi aikin sa'a 90 a wata, da cikakken aiki a Yuni da Yuli da Agusta, amma wannan kuɗin haya da cefane zai rage, ba zai biya kuɗin makaranta ba, kuma wuce adadin sa'o'in na iya jawo soke izinin zama.

Da zarar takardar samun gurbi ta iso, sai a shiga mataki na shida, neman izinin zama daga SIRI, hukumar da ke ba ɗalibai da ma'aikata baƙi izinin zama, ta shafin newtodenmark.dk. Ana fara buɗe lambar fayil a biya kuɗin duba takardu, jami'a ta cika kashinta na fom ɗin ST1, ɗalibi ya cika nasa, sannan cikin kwana 14 ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a ofishin jakadanci ko cibiyar VFS Global da ke karɓar takardu a madadinsa. Danmak tana da ofishin jakadanci a Abuja da kuma Accra. Hukumar tana son shaidar cewa mutum zai iya ɗaukar nauyin kansa, kuma ma'aunin da take amfani da shi yana bin adadin SU, wanda a 2025 ya ɗan haura kurona (kuɗin Danmak) 7,000 a wata. Amsa kan ɗauki kimanin wata biyu. A watan Satumban 2025 gwamnati ta sanar da shirin ƙara tsaurara dokokin ɗaliban da ke zuwa daga wajen Turai, ciki har da zurfafa binciken takardun karatu, da taƙaita zuwa da iyali, da rage lokacin neman aiki bayan kammalawa daga shekara uku zuwa ɗaya, don haka mai aure musamman ya karanta ƙa'idar da ke aiki a ranar da zai nema kafin ya yi wa iyalinsa alkawari.

Neman ɗaki ba ya jiran fitowar izini. A Kwapanhagan da Aarhus gidajen ɗalibai da ake kira kollegium suna da dogon layi, sai a sa suna ranar da aka sami gurbi. Doka ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ajiya har na wata uku da kuma hayar gaba har ta wata uku, wanda ke nufin makon farko na iya cinye kuɗi masu yawa. Kada a tura wa kowa kuɗi a kan ɗakin da aka gani a Facebook kawai. Odense da Aalborg da Esbjerg sun fi sauƙin haya nesa ba kusa ba. Adireshi yana da muhimmanci fiye da wurin kwana, domin da shi ake samun lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna ƙasar, wadda ke buɗe hanyar katin lafiya mai launin rawaya da ganin likita kyauta da asusun banki da shaidar intanet ta ƙasar mai suna MitID.

Bayan an zauna, abin da kan fi ba ɗalibinmu mamaki shi ne aji. Ana kiran farfesa da sunansa na yanka, ana kuma sa ran ɗalibi ya ja da shi idan yana da hujja. A Aalborg kusan rabin kowane zango aikin rukuni ne a kan wata matsala ta zahiri, sau da yawa daga wani kamfani. Jarrabawar baka ta zama ruwan dare: ɗalibi ya shiga ɗaki, ya zari takarda mai ɗauke da tambaya, ya yi bayani na kimanin minti ashirin ko talatin a gaban malaminsa da wani mai sa ido, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, a kira shi a faɗa masa makinsa nan take. Makin yana tafiya ne daga 12 zuwa 10, 7, 4, 02, 00, har -3, kuma 02 ne mafi ƙarancin ci. Haddar littafi ba ta ɗaukar mutum a irin wannan zama, sai ya saba faɗin abin da ya fahimta da bakinsa.

Yanayin ma yana bukatar shiri. A watan Disamba hasken rana a Kwapanhagan na kimanin sa'a bakwai ne kawai, Azahar da La'asar da Magariba kan zo kusa da juna a tsakiyar lokacin darasi, a watan Yuni kuwa yini kan haura sa'a 17. Akwai masallatai da shagunan naman halal a unguwar Nørrebro ta Kwapanhagan da kasuwar Bazar Vest ta Aarhus. Keke na hannu da rigar ruwa mai kauri suna cikin sayayyar makon farko. Ƙaramar hukuma kuma tana ba baƙi darussan harshen Danish kyauta, ana ajiye kurona 2,000 da ake mayarwa idan an ci matakin a kan lokaci, kuma ya fi kyau a yi rajista tun zangon farko kafin aikin kundi ya danne mutum.