Kurakuran da ke jawo ƙunci bayan tiyatar rage ƙiba

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba yakan sa rai cewa da zarar nauyi ya fara sauka, zuciya ma za ta yi wasai. Sai a yi wata uku ko huɗu, kaya sun yi masa yawa, dangi na ta yi masa barka, shi kuwa komai ya fita ransa. Wani lokaci bakin zaren yana cikin kwanon abinci.

Kuskuren da aka fi farawa da shi shi ne yanke abinci mai sitaci, irin su tuwo, baki ɗaya. Likita ya ce a fara cin nama, kifi da ƙwai, domin jiki na buƙatar aƙalla giram 60 na furotin kullum, tumbi kuma ya koma ɗan mitsitsi: a aikin da ake yanke shi, kusan kashi 80 cikin 100 ake cirewa. Sai mutum ya ɗauka an haramta masa tuwo har abada. Alhali ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kimanin giram 120 na sukarin jini a rana. Wanda dama cinsa ya ragu, ya kuma toshe wannan hanya, yana iya fama da kasala, ciwon kai da saurin fushi. Idan likita ya ba ka izinin cin abinci mai tauri, fara da furotin, bi da ganye, sannan ka ƙara cokali biyu ko uku na wake, acha, dankalin Hausa ko tuwon dawa mai laushi.

Na biyu ya fi ba ni tausayi, don mai yin sa neman sauƙi yake yi. Mace ta tashi jiki a mace, abinci ba ya shiga, sai ta haɗa shayi da sukari cokali uku ta tsoma biredi, tunda shi ne ke wucewa lafiya. Bayan minti 20 zuciya ta fara bugu, zufa ta karyo, ciki ya murɗa. Ta samu ya lafa. Can wajen hantsi kuma hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu, ta ji kuka na zuwar mata ba ta san dalili ba. Abin da ya faru shi ne zaƙin ya zarce hanji da gudu, jiki ya kwararo insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sukarin jini ya faɗi ƙasa awa 1 zuwa 3 bayan ci. An fi ganin haka ga waɗanda aka yi wa irin tiyatar da ake karkatar da hanyar abinci. Sai matar ta sake kurɓar zoɓo mai zaƙi don ta farfaɗo, a koma gidan jiya. Lemon kwalba, kunu da fura masu sukari duk haka suke yi. A koma ga kindirmo marar sukari, alale da dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. In akwai na'urar gwajin sukari, a gwada lokacin da rawar ta zo. Ƙasa da 70 mg/dL abin kai wa likita ne.

Kada a kora abinci da ruwa, a ba da tazarar minti 30. Batun azumi kuwa, a tambayi likita kafin watan ya kama.

Akwai kuma masu ɗora wa sitaci laifin komai, su bar ƙwayoyin bitamin da zarar sun ji ƙarfi. Ƙarancin bitamin B12, sinadarin ƙarfe ko bitamin D kan kawo kasala da mutuwar jiki masu kama da ciwon damuwa, gwajin jini ne ke bambance su. Amai da ya ƙi tsayawa yana ƙarar da bitamin B1, kuma wannan na gaggawa ne, don yana taɓa ƙwaƙwalwa. Mai shan maganin damuwa tun kafin aiki ya sani hanji ba lallai ya riƙa tsotsarsa kamar da ba. Kada ya daina ko ya ƙara da kansa.

Don Allah, 'yan uwa, a daina ce wa irin wannan mutum "ai kai ka nema, ka gode wa Allah." Idan ƙuncin ya wuce mako biyu, barci ya lalace, a raka shi wurin likita. In har ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.