Yadda Ake Saita Na'urar GPS ta Garmin eTrex da Adana Fayilolinta

Duk ɗalibin nazarin ƙasa, ko ma'aikacin gona mai auna filaye, ko mai bin rijiyoyin burtsatse yana ɗaukar lambobinsu, ya san ƙaramar na'urar nan ta hannu, Garmin eTrex. Samfurin 10 da 20 da 30 sun fito a 2011, kuma har yau su ne a hannun mutane da yawa. Na'urar ba ta cika yin kuskure ba. Yawanci ɓarnar daga saitin da ba a duba ba take zuwa, ko fayil ɗin da aka bari a ciki har wani ya goge.

Tun kana gida ka fara da batir. Guda biyu take ci, masu girman AA. Shiga Setup, sannan System, ka gaya mata irin wanda ka sa: Alkaline, Lithium ko NiMH mai caji. In ba ka yi haka ba, alamar batirin za ta riƙa yi maka ƙarya.

Sai babban al'amari, wato Position Format, shi ma a cikin Setup. Abu biyu ake zaɓa a nan: yadda lambobin wuri za su bayyana, da kuma Map Datum, ma'aunin da aka ɗora lambobin a kansa. Ka bar Map Datum a WGS 84, sai fa idan kana kwatanta aikinka da tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya, waɗanda aka zana da ma'aunin Minna. Tsakanin biyun akwai tazarar mitoci gommai, wadda ta isa ta jefa kan iyakar gonar wani cikin ta maƙwabcinsa.

Wajen bayyanar lambobi kuwa, ka zaɓi hddd.ddddd°, wato digiri da ɗigo zalla. Ga dalili. Idan na'urar tana nuna digiri da minti, ta rubuta 11°59.500', kai kuma ka kwafe shi a littafi a matsayin 11.59500, ka kauce da kusan kilomita 44, domin minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, ba 100 ba. In kuma UTM shugaban aikinku yake so, wato tsarin da ke ba da lambobin wuri da mita bisa shiyya-shiyya, kada ka manta da lambar shiyya: Sakkwato da Yamai suna ta 31, Kano da Damagaram ta 32, Maiduguri ta 33. In ku biyar ne za ku fita, ku jera na'urorin a tebur ɗaya ku daidaita su baki ɗaya kafin kowa ya hau babur.

Ana isa fili, kafin ka taka ko'ina, buɗe Track Manager, ka zaɓi Current Track, wato sawun hanyar da na'urar ke ɗauka yayin da kake tafiya, ka share shi. In ka bar na jiya, za ta ja dogon layi daga inda aka kashe ta zuwa inda aka kunna, ya ɓata maka lissafin nisa. Ka tsaya a sarari, nesa da inuwar babban itace ko gini, har ta kama taurarin ɗan Adam sosai. Sannan ka danna Mark Waypoint don ta adana lambobin wurin da kake tsaye. Ita da kanta 001, 002 take sa wa wurare suna, kuma bayan mako guda ba wanda zai tuna ko 014 rijiya ce ko makaranta. Ka canza sunan nan take, gajere, kamar harufan ƙauye da lamba, ka kuma rubuta shi a littafinka. Rubutu da ɗan maɓallin na'urar da ake motsawa da babban yatsa akwai gajiyarwa, amma ya fi komawa ƙauyen sauƙi.

Da yamma ka adana sawun ranar da Save Track, ka haɗa na'urar da kwamfuta ta wayar USB. Za ta buɗe kamar filas. Shiga jakar Garmin, sannan GPX. Wuraren da ka ɗauka suna cikin fayilolin da sunansu ya fara da Waypoints haɗe da kwanan wata. Kwafa za ka yi zuwa jaka mai ɗauke da ranar da sunan wurin, ka kuma aje wani kwafin a filas. Sauran fayilolin da ba ka san aikinsu ba, ka ƙyale su, domin wasu na tafiyar da na'urar ne.

Fayil ɗin GPX a WGS 84 yake ajiye lambobi kullum, ko me ka zaɓa a fuskar na'urar, kuma lokacinsa na UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, awa ɗaya baya da agogon Najeriya da Nijar. Saboda haka in ka ga saɓani tsakaninsa da littafinka, nan za ka fara dubawa.

Sai ka buɗe kwafin a manhajar taswira ta kwamfuta, BaseCamp ko QGIS, ka ƙirga wuraren ka ga sun cika, sannan ka koma Setup, Reset, ka danna Delete All Waypoints. Wannan umarnin ba ya da komawa baya, kuma samfurin eTrex 10 ba shi da gurbin katin ajiya da za ka ce wani abu ya rage a ciki.