Yadda na magance ƙurajen zafi a jikin ɗiyata

Tun da Afrilu ta kama, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, bayan ɗiyata da wuyanta suka feso da ƙananan ƙuraje. Dare na yi, sai kuka da susa.

Inna ta ce a shafa man kaɗanya, suka ƙaru. Na canza sabulu, na hana ta ƙwai, duk a banza.

Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ita ta ɗaga zanen gadon ta ce, "Maman Ummi, ai ga matsalar nan." Ledar fitsari ce ke riƙe zufa, mai kuma yana toshe ƙofofin gumi.

Na cire ledar, na mayar da yarinyar kan tabarma da tsohuwar atamfa ninki biyu, cikin gidan sauro. Wanka da ruwan randa da azahar da kuma kafin barci, sabulu sau ɗaya kawai a yini. Ba na gurza mata tawul, dannawa nake har jikin ya bushe, musamman wuya da hammata. Mai na ajiye shi gaba ɗaya, sai kalamin, maganin shafawa na ƙaiƙayi, kaɗan inda take susa. Riga kuwa ta auduga, mai faɗi.

Maƙwabciyar ta ce in ƙurajen suka tara mugunya ko zazzaɓi ya biyo, a tafi asibiti. Ba a kai nan ba, sun bushe. Alhamdu lillahi, Allah ya saka mata da alheri.