Kafin ka sayi tikitin wasan rock a Landan

Kada ka biya sai ka leƙa shafin intanet na setlist.fm.
A can 'yan kallo ke rubuta waƙoƙin da aka rera kowane dare.

Tsofaffin mawaƙan rock ba su cika sauya jerin waƙoƙinsu ba in suna rangadi. Abin da suka rera a Manchester jiya, kusan shi za ka ji a O2, babban zauren wasa na Landan, gobe.

In waƙar da kake so, wadda rediyo ya manta, ba ta ciki, riƙe kuɗinka. Na taɓa tsayuwar awa 2 ina jiran tawa, ko ƙyallinta.
Gara Half Moon, ƙaramin gidan waƙa a unguwar Putney ta Landan, wurin masu kwaikwayon waɗannan mawaƙa, ga araha.

Amma dabarar ba ta ci a daren farko na rangadi, ko ga mawaƙin da ke karɓar roƙon jama'a nan take.