Bardaƙush: yadda za ki gane shi, da lokacin zuba shi a tukunya

Uwargida, in kin fita neman wannan ganye a Katsina, riƙe sunayensa biyu. A jikin 'yar kwalbar kanti marjoram ake rubutawa, a shagon magungunan Musulunci kuwa bardaƙush za ki ce. Larabawa sun aro sunan ne daga Farisanci, marzangush, wato kunnen ɓera, kuma haka ganyen yake: ƙanana, masu ɗan zagaye, kore mai toka-toka, da laushin gashi in ɗanye ne. Shi marjoram daga tsohon Faransanci ya shiga Ingilishi, majorane, tushensa kuma majorana na Latin, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya ɗauka ya raɗa masa Origanum majorana a 1753. Asalinsa bakin Bahar Rum ne, wajajen Kubrus da kudancin Turkiyya, yau kuma Masar na cikin manyan masu noma shi. Dangin na'ana'a da ɗaɗɗoya ne.

Kada ki biya sai kin murtsuke kaɗan a tafin hannu kin sunsuna. Ana yawan rikita shi da ɗan'uwansa oregano, mai sayarwa ma wani lokaci bai san bambancin ba. Oregano yana da ɗaci da ɗan yaji, bardaƙush kuwa ƙamshinsa sanyi gare shi, da zaƙi-zaƙi. In ƙamshin busasshiyar ciyawa kawai kika ji, ya daɗe a shago, bar musu kayansu.

Wajen zubawa ne aka fi yin ɓarna. Tayim yana jure doguwar tafasa, wannan ba ya jurewa. In kika haɗa shi da albasa tun farko, ƙamshin ya bi tururi. Bari sai saura minti 5 ki sauke, ki murza shi da yatsu a kan romon, ki rufe. Farfesun kaza guda, rabin ƙaramin cokali ya ishe shi, in ɗanye ne ki ninka sau uku. Yana shiga da wainar ƙwai, da gasasshen kifi, da naman rago. Ni dai ba na sa shi a miyar kuka, daddawa danne shi take yi, asarar kuɗi ce kawai.

Ki adana shi a kwalba mai murfi nesa da murhu, don zafin bazararmu kashe ƙamshinsa yake yi. In shayi kike so, ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwan zafi, a rufe minti 10 a tace. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan abin da ake sa wa girki.