Yadda ake sarrafa karan shinkafa don ruɓinsa ya amfani gonar ban ruwa

Manomi kan ga ƙasar fangalinsa ta yi baƙi wuluk, ya ɗauka ta ƙoshi. Ba lallai ba ne. Abin da ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa daban yake da wanda ya ruɓe yana shan iska, shi ya sa gona mai yalwar ruɓi take iya ci gaba da kukan taki.

Da zarar ruwa ya rufe ƙasa, cikin kwana ɗaya ko biyu iskar oksijin ta ƙare. Ƙananan halittun da ke ruɓar da kara sai su cinye sassa masu laushi, amma lignin, sinadarin da ke sa kara tauri, ya gagare su. Ragowarsa, wato finol, ita ke taruwa ta riƙe naitirojin, sinadarin taki da shuka ke buƙata, gam, shuka ta kasa zuƙa. Masu bincike a IRRI, cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin, sun ga taruwar finol a gonakin da ake noman shinkafa sau biyu ko uku a shekara ba hutu. Maganin kuwa a ba ƙasa iska.

1. Fara da gwajin ƙasa. Ɗebo daga wurare da dama a zurfin santimita 20, ka gauraya, ka shanya a inuwa, ka kai ɗakin gwaji. Idan adadin kabon aka ba ka, ninka shi da 1.72 ka sami kimanin yawan ruɓin, domin kabon ne kusan kashi 58 cikin 100 nasa.

2. Kada ka banka wa kara wuta. Kusan duk naitirojin ɗin da ke cikinsa hayaƙi yake bi, kuma kabon da zai ciyar da ƙasa ya tafi ke nan. Kada kuma ka kwashe shi kakaf, don mafi yawan fotasiyam (wani sinadarin taki) ɗin da shinkafa ta sha a kara yake zama, ba a ƙwaya ba.

3. Juya karan cikin ƙasa da wuri. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin, kuma abin yana ba ni takaici, domin gyaransa ba ya cin ko sisi, lokaci kawai yake so. Bayan girbi, ka baza karan ko'ina, kada ka bar shi tsibi a inda aka yi casa. Ka bi da haro sama-sama, santimita 5 zuwa 10, ƙasa na da ɗan laima amma ba a kwance cikin ruwa ba. Ka bar shi aƙalla kwana 30 kafin ka saki ruwa. Wanda ya binne ɗanyen kara yau ya yi dashe gobe, ruɓin zai fitar da sinadarai masu tsami da ke cutar da saiwa, ga kuma yawan iskar metan mai ɗumama yanayi.

4. Kada ka rage takin farko don ganin ka zuba kara. Kabon ya rinjayi naitirojin sosai a kara, don haka halittun ƙasa kan ari naitirojin ɗin gonar su yi aikinsu, dashe ya yi ɗorawa na ɗan lokaci.

5. Riƙa ɗaga wa ruwa ƙafa. Samu bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi har santimita 15 su nutse, ka kwashe laka daga ciki. Bayan dashe ya kama, ka bar ruwa ya janye. Idan ka leƙa cikin bututun ka ga ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron fangali, ka sake cikawa zuwa santimita 5 a samansa. Amma lokacin fure, ruwa ya zauna.

6. Tuge gindi ɗaya ka wanke saiwar. Fara ko mai ja-ja lafiya ce. Idan baƙa ce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka zare ruwa har ƙasa ta fara tsagewa.

7. Idan hali ya yi, raba noman shinkafa biyu da amfanin da ba ya son kwanciyar ruwa, kamar waken soya ko masara. Watannin da ƙasa za ta yi a bushe suna ba halittu masu aiki da iska damar farfasa abin da ya taru.